Wuyan Hannun Norbert Pelkey

Ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin na ranar Talata aka kira caji ofis ɗin Kettle Bay. Mace ce, tana magana tana haki. Wani tsoho ya mutu a bakin ƙofar bayan gidansa, a layin Alder.

Sufeto Dale Rautio ne ya je. Shekararsa ashirin da shida a aikin, fara'arsa ta ƙare tun a ta goma. Saja Odell Brandt na biye da shi.

Gawar na kwance a gindin matakalar ƙofar baya. Norbert Pelkey, shekara saba'in da tara, tsohon direban jirgin ƙasa. Rigar barci ce a jikinsa, silifas ƙafa ɗaya. Dusar ƙanƙara ta rufe masa gira. Hannun damansa na cikin filasta, ɗorin karaya na asibiti.

Rautio ya durƙusa ya naɗe hannun rigar na hagu. Shatin yatsu huɗu a damtse, sabo.

"Faɗuwa ya yi, yallaɓai?" in ji Brandt.

"Matakala ba ta da yatsu."

Wadda ta kira tana tsaye a kicin. Pahoua Xiong, mai kula da tsofaffi, wani kamfani ne ke turo ta kullum. 'Yar ƙarama ce, idonta ja.

"Ƙarfe nawa kika zo?"

"Tara."

"Ina kike ya fita?"

"Ina sama, ina wanke banɗaki. Ban ji shi ba. Mista Norb yana da ruɗin tsufa, yawo yake yi."

Rautio ya hau sama. Banɗakin a bushe yake ƙayau. Ya sauko ya fita titi. An yi dusar ƙanƙara daga tara zuwa goma, ta lulluɓe duk motocin layin. Ban da ta Pahoua. Ya dafa gaban motar, da sauran ɗumi.

Kafin ya koma ciki wata mota ta tsaya da ƙarfi. Mace ta fito, doguwa, ta doshi hamsin, tabarau rataye a wuya. Doreen Haugen, 'yar mamacin. Ta leƙa ƙofar baya sau ɗaya, ta juyo ta yi kan Pahoua.

"Kin kashe min uba! Karya masa hannu bai ishe ki ba?"

Brandt ya shiga tsakani. Rautio ya ja Doreen falo.

"Wane hannu?"

"Wanda ka gani. Sati uku da suka wuce, ita ma Talata ce. Na bar shi lafiya lau a hannunta ƙarfe tara, sai kira na samu wai suna asibiti."

"Nan kike zaune?"

"Nan nake kwana saboda Baba. Da ta zo ƙarfe tara nake komawa gidana in yi aiki."

"Wane aiki?"

"Ina sa wa cututtuka lamba a fayil ɗin marasa lafiya. Asibitin kan tudu. Daga gida nake yi."

"Yau ma ƙarfe tara kika tafi?"

"Tara daidai. Ni ba na latti, Sufeto. Ka duba takardarta ta zuwa aiki, da hannunta ta rubuta."

Ya duba. Tara, da sa hannun Pahoua. Ya ce Brandt ya tafi da Pahoua caji ofis.

A ɗakin tambayoyi Rautio bai zauna ba.

"Banɗakin a bushe yake. Motarki da ɗumi. Ki sake min wata ƙaryar ki gani."

Pahoua ta kifa kai a tebur.

"Sha ɗaya da kwata na zo."

"Ina kika je?"

"Barci na yi."

"Barci."

"Duk Litinin ina aikin kwana a mayankar talo-talo. Ƙarfe bakwai nake tashi, in kai 'yata makaranta, in kwanta awa biyu. Misis Haugen ta sani. Ita ta ce in dinga rubuta tara, za ta zauna da shi har in zo. Ta ce kamfani ba sai ya ji ba."

"Wa ya gan ki kina barcin?"

"Wa ke kallon mutum yana barci?"

"Ranar da hannunsa ya karye fa?"

"Na zo na same shi a falo shi kaɗai, a kan kujera, ya rungume hannun. Ya kumbura kamar burodi. Motar Misis Haugen ba ta nan. Na tambaye shi, sai kiran sunan matarsa yake, wadda ta rasu. Na kai shi asibiti."

"Kin gaya wa likita kin makara?"

"A kore ni? Wa zai riƙe min yarinya?"

Rautio ya fita ya bugo ƙofar.

Lauyar gwamnati ta kira shi kafin ya kai teburinsa. Ba ta son dogon zance. Ma'aikaciya ta sa hannu cewa tana tare da tsohon, ta yi wa 'yan sanda ƙarya, ga shatin yatsu. Motar da ɗumi? To ta tura shi ta gudu, tsoro ya dawo da ita. Gobe da sha biyun rana za ta shigar da ƙarar kisa, sai in ya kawo mata wani abu.

"Ta fi mai sayar da kofi saurin yanke hukunci," in ji Brandt. "Yallaɓai, ka ci abinci kuwa? Fuskar nan taka ko ƙanƙara sai ta kauce mata."

"Nemo min takardar alƙali. Ina son fayil ɗinsa na asibiti."

Da yamma likitar binciken gawa ta kira su. Ta yanke filastar, ta ɗauki sabon hoton ƙashi, ta maƙala shi a fitila.

"Sanyi ne ya kashe shi, tsakanin goma da goma da rabi. Buguwar kai ta kwantar da shi ne kawai. Da wani ya buɗe ƙofa cikin minti ashirin, da yanzu yana shan shayi."

"Hannun fa?"

"Wanda ya zame yana tare ƙasa da tafin hannu, ƙashin ya karye a gicciye. Ka ga wannan layin? Zagaye ƙashin ya yi. Murɗe shi aka yi, kamar mai matse tsumma."

Rautio ya daɗe yana kallon hoton.

"Likitan da ya sa filastar bai ga wannan ba?"

"Tambaye shi."

Washegari ƙarfe takwas suna asibitin kan tudu. Likita Feldt ya tare su a baranda, burodi a hannu ɗaya, waya a ɗayan.

"Pelkey? Pelkey... Sufeto, watan Janairu ne, ƙanƙara ko'ina. Wuyan hannu goma sha biyu nake ɗorawa a rana. Duk garin nan faɗuwa yake yi."

"Wannan bai faɗi ba."

"Ni ban ce ya faɗi ba."

"Me ka ce?"

Ya buɗe kwamfuta ya juyo ta. Layi biyu ne. Karaya a wuyan hannun dama. Majiyyaci a ruɗe yake, bai iya faɗin yadda ta faru ba, mai rakiyarsa ba ta sani ba.

"Shi ke nan?"

"Minti bakwai ake ba ni kan kowane mutum."

"Tsoho ya zo maka da karayar da ba mai bayaninta, ka manna masa filasta ka mayar da shi gidan da aka karya shi. Minti bakwai. Ko mai gyaran taya ya fi ka tambaya."

Feldt ya ajiye burodin.

"In bayani bai cika ba, masu sa lamba na dawo min da fayil da tambaya. Da an dawo min da shi, da na sake duba hoton, da na kira hukumar kula da tsofaffi. Ba wanda ya tambaye ni komai."

"Su waye masu tambayar?"

"Ƙasa, kusa da ɗakin wanki. Nemi Lorraine."

Lorraine Stanek ce shugabar masu sa lamba. Ofishinta ba taga. Kujeru takwas, duk ba kowa, ma'aikatan na gidajensu. Ta karanta takardar alƙali har ƙarshe, sau biyu, kafin ta taɓa kwamfuta.

"Yi min bayani kamar ɗan firamare," in ji Rautio.

"Likita na rubuta labari, mu mu mayar da shi lamba. Karaya ɗaya tana da gurabe. Wane ƙashi. Wane hannu. Zuwan farko ne ko dawowa. Me ya jawo ta. A ina ta faru. Doka ɗaya ce da mu: abin da likita bai rubuta ba, bai faru ba. Ko da idonka ka gani."

"In bai rubuta ba fa?"

"Ka tura masa tambaya, ko ka bar gurbin a matsayin ba a fayyace ba. Yaranmu sun tsani wannan. Kamar ka miƙa takardar jarrabawa da rabin amsa ne."

Ta buɗe fayil ɗin. Ta cire tabarau ta goge ta mayar.

"Wannan ba daidai ba ne."

"Mene?"

"An sa dalili: zamewa da faɗuwa. Feldt bai rubuta faɗuwa ba." Ta matsa ƙasa. "An sa wuri ma. Gareji, na gidan mutum."

"Wa ya ce gareji?"

"Ba kowa. Na karanta na likita, na karanta na nas. Ba gareji ko sau ɗaya."

Brandt ya duba littafinsa. "Pahoua a falo ta ce ta same shi."

"Wa ya sa lambar?" in ji Rautio.

"Kwamfuta ce ke raba aiki. Wannan na layin Marcy ne, ɗaya daga cikin ma'aikatana." Ta danna. Fuskarta ta canja. "An ciro shi daga layin Marcy ƙarfe shida da minti goma na safe, washegarin ranar. An gama cikin minti huɗu. Ba tambaya."

"Wa?"

"Doreen Haugen."

"Kin san sunanta kafin ta yi aure?"

Lorraine ta girgiza kai.

"Pelkey."

Matar ta miƙe tsaye, ta koma ta zauna.

"Fayil ɗin ubanta? Ko na maƙwabci ba a buɗewa! Shekara goma sha tara tana nan. Ita nake nuna wa sababbi. Ba a taɓa dawo mata da fayil don ta bar gurbi ba."

"Kwanan nan fa?"

"Ta yi baya. Fayil ashirin da biyar ake so a awa, tana yin sha shida. Na ba ta gargaɗi biyu. Na uku kora ce."

"Kin tambaye ta dalili?"

"Ba aikina ba ne."

"Garin nan ba aikin kowa ba ne," in ji Rautio.

Ƙarfe goma saura suna layin Alder. Garejin na manne da kicin, ƙofa ɗaya ce tsakani. Rautio ya tura ta. Sanyi da warin mai.

Ba mota a ciki. A lungu an ajiye teburin ninkewa, kujera, da ƙaramar hita. Wayar cajin kwamfuta na maƙale a bango. Kofi uku, duk sun bushe.

Brandt ya nuna bayan ƙofar. Sabuwar sakata, ta ɓangaren gareji, garin katakon da aka huda na nan a ƙasa.

"Wannan ba don ɓarawo ba ne, yallaɓai. Na cikin gida ake tarewa."

Rautio ya koma ta kicin ya duba ƙofar. Fentin ya goge a daidai tsayin ƙirji. Wani ya sha bugun wurin. A cikin tsagin katakon akwai farin gari. Filasta.

Ya kwanta a ƙasan garejin ya haska ƙarƙashin wata kantar kaya. Ya jawo na'urar ji ta kunne, an taka ta ta fashe.

Ya kira caji ofis, aka haɗa shi da Pahoua.

"Na'urar jinsa. Yaushe ta ɓata?"

"Ta dama? Tun ranar da hannunsa ya karye. Na neme ta har cikin shara."

"Kin duba gareji?"

"Misis Haugen ta ce kada in shiga, wai akwai maganin ɓera."

Ya kashe wayar. Brandt bai yi wasa ba wannan karon.

Ƙarfe sha ɗaya Doreen ta zo caji ofis da ƙafarta, an ce mata sa hannu za ta yi a bayaninta. Baƙar riga, biro a hannu. Brandt ya karanta mata haƙƙinta. Ta ɗaga gira.

"Wannan na mene ne? Ba ita ce a tsare ba?"

"Zauna, Misis Haugen. A ina mahaifinki ya karye?"

"Ina na sani? Ba na nan."

"Pahoua ta gaya miki?"

"Wannan? Cewa ta yi ba ta sani ba. Kullum ba ta sani ba."

"Shi fa?"

"Baba bai san sunana ba ma."

"Likita?"

"Feldt ba ya rubuta komai. Rubutunsa abin kunya ne."

"Ashe kin karanta."

Biron ya tsaya a hannunta.

Rautio ya tura mata takarda.

"Shida da minti goma. Kika ciro fayil ɗin daga layin Marcy, don kin san Marcy za ta tura tambaya, likita ya sake kallon hoton."

"Na taimaka mata ne. Aiki ya yi mata yawa. Laifin ofis ne, ba na 'yan sanda ba."

"Kika sa faɗuwa."

"Tsoho ne, Janairu ne. Kowa zai sa faɗuwa."

"Na yarda. Karanta min layin ƙasa."

Ta ƙi kallo.

"Karanta, Madam. Ke ce gwana."

"Gareji," ta ce can ƙasa.

"Shi bai faɗa ba. Pahoua ba ta sani ba. Likita bai rubuta ba. Ke kuma ba kya nan. To wane aljani ya gaya miki gareji?"

"Zato na yi."

"Shekara goma sha tara ba ki taɓa yin zato ba. Lorraine ta ce ke take nuna wa sababbi." Ya ajiye ledar da na'urar jin ke ciki a kan takardar. "Ƙarya ɗaya kika shiga yi. Kika yi ta. Sai kika ga gurbi a buɗe a ƙasa, kuma kin san amsar. Hannunki ya cike kafin kanki ya farka."

Doreen ta kalli ledar. Fuskarta ta murtuke. Ba kuka ba ne.

"Ka san ashirin da biyar a awa?" ta ce. "Ka san mene ne? Minti biyu da 'yan kai kan kowane mutum. Shi kuma yana bakin ƙofa. Marjorie, Marjorie! Sunan uwata. Marjorie ina takalmina, Marjorie wa ya sace min jirgi. Shekara uku! Ƙanena na Arizona yana turo min katin gaisuwa. Na gudu gareji cikin sanyi don in samu awa biyu. Ya biyo ni. Ya kama kwamfutar yana ja. Na cire hannunsa ne kawai."

"Kika murɗe."

"Na cire!"

"Kika zaunar da shi a falo, kika tafi, kika bar wa mai aikin kwana ta tsinta."

"Na san za ta kai shi asibiti."

"Jiya fa?"

Rautio ya daki teburin, biron ya faɗi ƙasa.

"Jiya!"

"Na sa sakata. Sai ya koma bugun ƙofa da filastar. Gaf, gaf, gaf. Saura gargaɗi ɗaya a kore ni. Na fito na ja shi, na fitar da shi ta baya. Na ce minti biyu, iska ta huce shi. Na kulle. Na toshe kunnena da abin sauraro."

"Minti nawa?"

"Ban duba agogo ba."

"Fayil nawa?"

Wannan ta sani.

"Sha bakwai."

Brandt ya daina rubutu.

"Kika buɗe kika gan shi."

"Ba ya motsi. Na zare makulli na bar ƙofar a buɗe. Na ɗauki kwamfutata na tafi gida."

"Kika dawo kina ihu kin nuna yarinyar da kika koya wa rubuta tara."

"Ita ta sa hannu, ba ni ba."

Rautio ya miƙe. Sha biyu saura kwata. Ya ɗaga wayar bango ya kira lauyar gwamnati.

"Canja sunan da ke kan takardarki. E, yanzu. A buɗe wa Xiong, a ba ta makullin motarta." Ya saurara. "A'a. Ba ni zan ba ta haƙuri ba. Ke za ki sauko."

Ya ajiye. Ya yi wa Brandt alama da kai.

Brandt ya zagaya, ya juya hannayen Doreen baya, ya ɗaura ankwa. Ta ɗan yi ƙara.

"Wayyo! A hankali mana. Za ka ji min ciwo a wuyan hannu."

Brandt ya kalli Sufeto.

Rautio ya zo da kansa. Ya sa makulli ya sassauta ankwar, haƙori ɗaya, ya gwada da yatsa ya ga ba ta matse ba. Bai kalli fuskarta ba.

"Ka ga bai ɗauki minti ɗaya ba," ya ce wa Brandt. "Fita da ita."